Daga Fadamar Kalgo Zuwa Bakin Kwara: Gaɓar Ruwan da Baƙi Ke Wucewa

Idan malamin labarin ƙasa ya buɗe taswirar Najeriya ya ce a nuna masa bakin ruwa, yawancin ɗalibai yatsarsu kudu take nufa: Legas, Fatakwal, Kalaba. Ba su yi laifi ba, domin can teku take. Daga Birnin Kebbi zuwa bakin tekun Atilantika ya haura kilomita 600 ko da a miƙe aka auna. To amma ɗalibin da ke Kalgo ko Gwandu ba ya buƙatar wannan doguwar tafiya kafin ya ga mutanen da rayuwarsu duka a kan ruwa take. Jihar Kebbi tana da tata gaɓar, mai tsawo ƙwarai, wadda ta faro daga fadamar Gulbin Kabi ta gangara har Kogin Kwara da tafkin Kainji. A bakinta akwai ƙauyukan masunta, da manoman shinkafa, da masu tuƙa kwalekwale, waɗanda wasunsu idan damina ta yi nisa ba a isa gare su sai ta jirgi.

Matafiyi kan wuce Kalgo a guje, ko dai ya nufi Jega ko ya nufi Birnin Kebbi, bai san cewa ɗan taƙi kaɗan yamma da titin akwai wata duniya ta daban ba. Yau shafin namu can zai kai ku, mu ga abin da ke wurin, da abin da rashin kula da shi yake jawowa.

Ina ruwan ya fito?

Kogin da ake kira Gulbin Sakkwato ya taso ne daga kusa da Funtuwa a Jihar Katsina. Ya bi ta Gusau, aka tare shi da madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, sannan ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Shi kuma Rima an yi masa madatsa a Goronyo. Bayan sun haɗu sai ruwan ya karkato kudu, ya ratsa Argungu, ya bi ta gefen Birnin Kebbi, ya wuce tsakanin ƙasar Kalgo da Bunza. A wannan yankin ne ake ce masa Gulbin Kabi. Can gaba Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi da Jega, ya zuba a cikinsa, haka ma Gulbin Ka, kafin dukkansu su faɗa Kwara.

Kwara, wato Kogin Neja, shi ne na uku a tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kongo. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Daga tsaunukan ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Binin, kuma ta Jihar Kebbi ya shigo Najeriya. Ke nan ruwan da yaro ya gani yana wucewa a fadamar Kalgo, ƙarshensa teku zai je.

Abin da ya bambanta Gulbin Kabi da ƙananan rafuka shi ne faɗin kwarinsa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangara sosai, saboda haka idan ruwa ya cika sai ya tumbatsa ya bazu hagu da dama, ya mamaye fili mai faɗin kilomitoci. Wanda ya bi hanyar Kalgo zuwa Bunza a watan Satumba zai ga ruwa iya ganinsa, da ciyayi da tsuntsaye, kamar ba a ƙasar Hausa yake ba. Idan ya dawo a watan Maris sai ya tarar da koren shinkafa da ƙarar injinan ban ruwa a daidai inda jirage suka riƙa yawo. Wannan fili da ruwa ke rufewa ya buɗe shi ne fadama. Kalmar ta yi suna har Bankin Duniya da gwamnatin tarayya suka raɗa wa wani babban shirin noman rani, da aka fara a farkon shekarun 1990, suna Fadama, ba tare da an fassara ta ba.

Sarautar da ta bi ruwa

Wanda ya ga waɗannan ƙauyuka a yau zai zaci tun fil azal a gefe suke. Tarihi bai nuna haka ba. A ƙarni na 16, Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya yi wa daular Songhai tawaye ya tsaya da ƙafarsa, ya gina birnin Surame wanda har yanzu kufansa da ganuwarsa ta dutse suna nan. Ƙarfin Kabi yana da alaƙa da ruwa: fadama ta ba su abinci, ta kuma zame musu katanga, domin rundunar dawaki ba ta iya ratsa taɓo da ruwa yadda take so. Masu ba da labarin gargajiya suna cewa Kanta kan zaga ƙasarsa da damina cikin wani jirgi da aka lulluɓe da tagulla.

Shi kansa sunan Gwandu ana danganta shi da gandu, wato babbar gonar sarki, domin an ce manoman gandun Kanta ne suka fara zama a wurin. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, sannan Shehu Usmanu da jama'arsa suka zauna a Gwandu na wasu shekaru kafin ya koma Sifawa. Da aka raba kulawar daula a 1812, sai yamma da kudu maso yamma suka faɗo a hannun Abdullahi. Ku duba taswira ku ga ƙasashen da suka riƙa bin Gwandu: Yawuri, Nufe, Ilori, da Sayi da ke cikin Nijar ta yau, har zuwa Liptako a Burkina Faso. Mafi yawansu a bakin Kwara suke ko kusa da shi. Kogi shi ne babban titin wannan ɓangaren na daula.

A 1853 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu. Ya yaba albasar garin da ayabarsa. A nan ne ya samu kwafin littafin Tarikhus Sudan, wanda ya ƙunshi tarihin Songhai da Timbuktu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya, kuma ta hanyarsa ne malaman Turai suka fara sanin abin da littafin ya ƙunsa. Daga Gwandu ya ƙetare fadama ya nufi Sayi da Timbuktu.

Zuwan Turawa ya juya al'amura. A farkon ƙarni na 20 fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, inda take har yau. Daga baya kuma mota da kwalta suka karɓe fataucin da jirgi da jaki ke yi. Masu gina titi tudu suke bi, suna gudun fadama saboda tsada da ambaliya. Garin da titi ya ratsa sai ya bunƙasa, wanda ke bakin ruwa kuwa a bar shi baya. Shi kansa Gwandu, duk da hubbaren Malam Abdullahi da ke cikinsa, baƙin da ke zuwa jihar ba kowa ke karkata ya ziyarce shi ba.

Shekara guda a fadama

Mutumin fadama da ruwa yake lissafin shekararsa. Da ruwan sama ya fara sauka a wajajen Yuni, sai a shuka shinkafar damina kafin gulbi ya kawo. Akwai irin shinkafar gargajiya mai ban mamaki: duk yadda ruwa ya ƙaru, karanta yana ƙara tsawo, kanta yana saman ruwa. Masana kimiyya suna kiran shinkafar Afirka Oryza glaberrima, kuma bincike ya nuna cewa mutanen bakin Kwara, a yankin Mali ta yau, su suka fara nomanta kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Ke nan ba daga Asiya muka fara koyon cin shinkafa ba. Kakanninmu na bakin kogi suna da tasu tun da daɗewa.

Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ne sarki. Kifi yana bin ruwan ya shiga cikin ciyayi ya yi ƙwai, ƙananan su samu mafaka da abinci. Idan ruwa ya fara janyewa sai ya bar laka mai taki a gonaki, ya kuma bar tafkuna cike da kifi. Lokacin ne masunta ke samu. Da sanyi ya shigo, Fulani makiyaya su gangaro da shanu domin burgu da sauran ciyawar fadama, tsuntsaye kuma su cika wurin: zalɓe, balbela, kirinjijiya, ɗinya, har da wasu da ke tasowa daga Turai suna gudun hunturun can.

Sai rani, lokacin da fadamar ta zama ma'aikata. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan ba ya da nisa, saboda haka manomi kan haƙa 'yar rijiyar bututu ya ɗora injin ya yi ban ruwa. Shinkafa, albasa, tattasai, tumatir, alkama, duk ana yi. Wannan noman ne ya sa a watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zaɓi Birnin Kebbi domin ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya. A 2016 aka fara sayar da shinkafar LAKE, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi. Manyan injinan casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu da shanshara daga irin waɗannan gonaki suke aiki. Wanda ya ci shinkafar Kebbi a Legas bai san sunan ƙauyen da aka noma ta ba, bai kuma san cewa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ban ruwa ya zame wa manomin babban nauyi ba, har wasu suka fara komawa injin mai aiki da hasken rana.

Ilimin da ba a rubuta ba

Su sana'a ce mai tsari da shugabanci. A garuruwan bakin gulbi akwai Sarkin Ruwa, wanda ke da ta cewa kan lokacin da za a shiga wani tafki da lokacin da za a bar shi ya huta. Kabawa sun shahara da su da homa da gora: masunci ya kwanta a kan ƙatuwar gora tana ɗauke da shi a saman ruwa, homa biyu a hannunsa, abin da ya kama ya jefa cikin gorar. Sarkawa kuma, waɗanda ake danganta asalinsu da masuntan Songhai, sun fi yawa a babban kogi, su ne gwanayen jirgi da taru. Akwai birgi da ake jefawa, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gura da ake girkewa a cikin ruwa.

Ɗan masunci mai shekara goma sha biyu zai iya lissafa maka kifaye fiye da yadda littafin bayoloji na aji uku ya kawo: giwan ruwa, tarwaɗa, ramboshi, ƙarfasa, ƙurungu, ragon ruwa, yauni, tsage mai haƙora, da minjirya wadda ke girgiza wanda ya taɓa ta da lantarkin jikinta. Zai gaya maka yadda gaiwa ke binne kanta cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta yi watanni tana jiran damina. Abin da malami zai koyar da sunan daidaituwar halitta da muhallinta, shi da hannunsa ya tono shi. Dokar hana su a wani tafki har zuwa wani lokaci kuwa ita ce abin da masana ke kira kare albarkatun ruwa. Idan aka yi watsi da ita, aka shiga amfani da raga mai ƙananan idanu ko aka zuba guba a ruwa, 'ya'yan kifi ke ƙarewa, baɗi kowa ya fito hannu rabbana.

Kwana kaɗan na Argungu

Za ku ce ai duniya ta san ruwan Kebbi, tunda ga bikin kamun kifi na Argungu. Gaskiya ne. Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya zama alamar sulhu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Idan ana yinsa, manyan baƙi da 'yan jarida suna cika Matan Fada, a ɗauki hoton ƙaton giwan ruwa, a raba kyaututtuka. Bayan 'yan kwanaki kowa ya watse.

Masuntan da suka yi wannan bajinta daga ƙauyuka suka zo, kuma can suke komawa. Sauran watannin shekara babu kyamara a wurinsu. Haka abin yake can kudu a Yawuri, mai bikin Rigata na tseren jirage. A wannan yankin ne Gungawa suke, wato mutanen gungu, tsibiran da ke tsakiyar Kwara, masu harshensu na Reshe. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin da ya taru ya haɗiye tsibirai da garuruwa da yawa, har da tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806. Sama da mutum 40,000 aka tasa aka sake musu matsuguni. Wutar Kainji ta haska manyan birane, amma har yau akwai ƙauyukan bakin tafkin da ke kwana da fitila.

Abin da mantuwa ke jawowa

Rashin baƙi ba rashin hoto kaɗai ba ne. Wurin da manya ba sa zuwa, ba a cika tuna shi ba ranar rabon titi da asibiti da malamai.

A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Kimanin ashirin kawai aka ceto da rai. Jirgin ya tsufa, an kuma yi masa lodi fiye da ƙima. Irin wannan hatsari ya sha faruwa a Kebbi da Neja da Sakkwato, kuma dalilan kusan iri ɗaya ne: lodi, tafiyar dare, kututturan itatuwa da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da shiga jirgi ba riga, amma doka ba ta aiki a mashigin da babu mai sa ido.

Sai ambaliya. Ruwan da ke kawo albarka shi ne kuma ke kawo asara idan ya wuce iyaka. A 2010, da 2012, da 2020, ruwa ya yi ɓarna mai yawa a wannan kwari. Ta 2020 ta cinye ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a Kebbi, ta karya gadoji, ta raba ƙauyuka da kasuwanninsu. Manomin da ya ci bashi ya yi shuka ya wayi gari ba gona, ba iri.

Ga kuma cuta. Yaron da ke wanka da su a ruwan da ba ya gudu yana iya kamuwa da tsargiya, wato fitsarin jini. A wasu wurare ana ɗaukarta kamar alamar girma ga ɗa namiji, alhali wata tsutsa ce da ke rayuwa a jikin katantanwar ruwa, ta huda fata ta shiga jini. Tana sa ƙarancin jini da kasala, tana iya lalata mafitsara idan ta daɗe. Tana da magani, ana kiransa praziquantel, kuma akan raba shi kyauta a makarantu. Sauro ma a nan gidansa ne, saboda haka zazzaɓin cizon sauro ba ya yankewa.

Duk waɗannan a kan karatu suke ƙarewa. Sabuwar shekarar karatu tana farawa a Satumba, daidai lokacin da ruwa ya fi cika. Yaron da sai ya ƙetare ruwa kafin ya isa aji yakan rasa makonnin farko, malamin da aka tura ƙauyen ma haka. Abin lura shi ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a Kalgo yake, a kan hanyar Bunza, dab da wannan fadama. Tazarar da ke tsakanin ƙofar jami'ar da gidan ɗan masunci gajera ce a ƙafa, amma sai yaro ya gama firamare da sakandare lafiya kafin ya iya taka ta.

Naku aikin, manyan gobe

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ƙungiyar labarin ƙasa ko ta tarihi a makarantarku tana iya roƙon shugaban makaranta a shirya ziyara da rani, lokacin da hanya ke da kyau: a je hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu, a gangara fadamar Kalgo a ga ban ruwa, a gaida Sarkin Ruwa a nemi ya yi bayani. Ku tafi da littafi da biro. Ku rubuta sunayen kifaye, da na tafkuna, da na irin shinkafar gargajiya, ku tambayi tsofaffi shekarar da ruwa ya fi cika a saninsu da inda ya tsaya. Yawancin wannan ilimi a ka yake, kuma duk tsohon da ya rasu da nasa yake tafiya.

Idan tafiya ta kama ku ta ruwa, kada ku ji kunyar tambayar rigar kariya, kada ku shiga jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa saboda lodi, kada ku yarda da tafiyar dare. Jinkirin awa biyu a mashigi ya fi gaggawar da ba a dawowa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa iyayensa a je asibiti.

Ku kuma da kuka fito daga waɗannan ƙauyuka kuke karatu a gari, kada wani ya sa ku sunkuyar da kai don an ce muku 'yan ƙauye ko 'ya'yan masunta. Tuwon shinkafar da ake ci a ɗakin cin abincin makaranta daga gonakinku ya fito. Jihar nan tana buƙatar injiniyoyin da suka san halin ambaliya, da likitocin da za su yarda su zauna a bakin gulbi, da masu ƙera jirgin da ba ya tarwatsewa, da 'yan jaridar da za su je Wara ko Bunza ba sai an yi hatsari ba. Babu wanda ya fi cancanta da waɗannan ayyuka kamar wanda ya tashi yana jin ƙarar filafili a kan ruwa.

Wanda ya yi irin wannan ziyara, ko yake da labarin ƙauyensu na bakin ruwa, ya rubuto wa wannan shafi da sunan makarantarsa da ajinsa. Za mu buga waɗanda suka fi ma'ana in Allah ya so.